"Gurgusowar hamada": tarihin wata kalma tsakanin masana, hukuma da manoman Nijar (1935-2020)

1. Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraren rediyo a ƙasar nan, ko ya taɓa halartar bikin dashen itatuwa na ranar 3 ga watan Agusta, ya ji ana maganar "yaƙi da gurgusowar hamada". A Najeriya sun fi cewa "kwararowar hamada". Da waɗannan kalamai biyu ne ake fassara kalmar Faransanci désertification, kuma mun saba da su har ba mu tambayar daga ina suka fito.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan ra'ayi tun daga 1935, domin a ga yadda ya fito daga bakin masana, ya shiga doka, daga doka ya isa gonar talaka. Abin da muke son nunawa shi ne: masanan da suka yi kuskure a kan hamada ba ƙarya suka shirya ba, ganinsu ne ya karkata saboda lokacin da suka duba, da abin da suka zaɓi ƙirgawa, da wanda suka ƙi tambaya. Ilimi ya gyara kuskurensa daga baya. Amma yardar manomi, wadda dokar da aka gina bisa kuskuren ta ɓata, ba rahoton masana ne ya maido ta ba. Ta dawo ne lokacin da icce ya koma hannun mai gona.

2. Abin da ke cikin kalmar

Bari mu fara da nazarin harshe, tunda shi ne fanninmu. "Gurgusowa" da "kwararowa" duka sunayen aiki ne da aka samo daga aikatau na rukuni na 6 a tsarin Parsons, wato masu ƙarewa da -o, waɗanda ke nuna motsi zuwa wajen mai magana: gurgusa, gurguso; kwarara, kwararo. Ke nan a cikin ginin kalmar akwai hoto cikakke: hamada wata aba ce da ke can arewa, tana da baki, tana tafiya, kuma wajenmu ta nufo. Ita ma kalmar "hamada" aro ce daga Larabci, inda take nufin fili mai duwatsu.

Kalmar Faransanci ba haka take ba. Ɗafin -ifier yana nufin mayar da abu ya zama wani abu. Wuri yana nan inda yake, sai dai ya rikiɗe. Fassararmu ta Hausa ta fi kusa da avancée du désert.

Manomin Maraɗi ko na Damagaram kuwa, in yana maganar gonarsa, ba ya amfani da ko ɗaya daga cikinsu. Yakan ce ƙasa ta gaji, ko gona ta mutu, ko wuri ya zama fako, ko iska ta binne shuka. Kowace magana tana nuni ga wani wuri takamaimai, kuma kowace tana da maganinta: taki, ko barin gona ta huta ta zama saura, ko haƙa tassa kamar yadda ake yi a Adar. Wanda ya ce ƙasa ta gaji ya san abin da zai yi gobe da safe. Wanda aka ce ma hamada na gurgusowa sai dai ya jira hukuma ta gina mashi katanga.

3. Stebbing da hukumar bincike ta 1936-1937

Hoton hamada mai tafiya ya samu gindin zama ne ta hannun E. P. Stebbing, shehun malamin ilimin gandun daji a jami'ar Edinbara, wanda ya daɗe yana aiki a Indiya. A 1934 ya ratsa Afirka ta Yamma, ya bi ta arewacin Najeriya da kudancin Nijar. A 1935 ya gabatar da lacca a gaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan, inda ya ce Sahara tana cin ƙasa zuwa kudu, kuma noman sassabe da ƙunar daji da kiwo su ne sababi. Shawararsa ita ce a kafa doguwar ɗamarar daji da za ta tare rairayi.

Da rani Stebbing ya zo. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san cewa filin da ke fari fat a watan Maris shi ne ke rufe mutum da hatsi a watan Satumba. Baƙo ya ga rani ya ɗauka mutuwar ƙasa ce.

Maganarsa ta tada hankalin gwamnatocin mallaka biyu, har suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Faransa da Ingila, wadda ta zagaya yankin iyakar Nijar da Najeriya daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Cikin wakilan Faransa akwai André Aubréville. Hukumar ba ta samu shaidar cewa Sahara na gurgusowa ba, ba ta kuma ga alamar ƙasa na bushewa gaba ɗaya ba. Abin da ta gani shi ne lalacewar wasu wurare nan da can. Brynmor Jones, masanin duwatsu da ke cikin tafiyar, ya buga wannan sakamako a 1938, kuma Dudley Stamp ya ƙara ƙarfafa shi a 1940.

Ke nan tun kafin yaƙin duniya na biyu masana sun gwada ra'ayin, sun ga bai tsaya ba. Amma bai mutu ba. A 1949 shi Aubréville ɗin ya fitar da littafinsa Climats, forêts et désertification de l'Afrique tropicale, wanda ya yaɗa kalmar a duniya. A wurinsa ma'anarta ita ce lalacewar daji a inda yake, har a ƙasashe masu ruwan sama da yawa, ta hanyar gatari da wuta. Ya bambanta da Stebbing a kan tafiyar rairayi, amma sun haɗu a kan mai laifi: manomi da makiyayi.

4. Daga ra'ayi zuwa doka

A shekarar da Stebbing ya yi laccarsa, ranar 4 ga Yuli 1935, Faransa ta kafa dokar daji ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinta. Dokar ta raba daji gida biyu: wanda aka keɓe aka shata ma iyaka, da sauran daji wanda shi ma yana ƙarƙashin kulawar hukuma. Ta kuma jera itatuwan da ba a sara sai da izini. Ba mu ce laccar ce ta haifi dokar ba; dokar tana da tushe a tsarin gandun daji na Faransa kanta. Amma tunani guda ne ya ɗauke su: icce ba ya tsira a hannun talaka sai an tsare shi daga gare shi.

Wannan tunani ya yi watsi da abin da ke gaban ido. Gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa da ke tsaye cikin gonaki ba su tsira don rashin gatari ba, manoma ne suka zaɓe su suka bar su. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun ya ɗora ma mai saran gawo tun a ƙarni na 19. Manomi ya san gawo na zubar da ganye da damina, ba ya yi ma hatsi inuwa, da rani kuma bisashe su taru ƙarƙashinsa su ci ƴaƴansa su bar taki.

Bayan samun mulkin kai ba a sauya hanya ba. Dokar daji ta 4 ga Maris 1974 ta gaji ruhun ta 1935. Ta kare gawo, kuka, tsamiya, giginya, goruba, aduwa, ɗorawa da wasunsu, ta yadda ko a cikin gonarsa mutum bai da ikon sara ko sassaƙe reshe sai da takarda, in ba haka ba a ci shi tara. A ɗaya gefen kuma, a zamanin bunƙasar gyaɗa, malaman gona suna koya ma manoma cewa gona ta gari ita ce wadda aka tumɓuke ma kututture domin garmar shanu ta wuce. Hukuma guda tana cewa kar ka taɓa icce, wata tana cewa share gonarka.

Manomi ya yi lissafinsa. Iccen da ya girma a gonarsa ba nasa ba ne, kuma in wani ya zo da dare ya sare shi, mai gona za a tambaya. Tsiron da bai kai a kira shi icce ba kuwa, babu mai tambaya. Sai ya zamana hanya mafi sauƙi ita ce a kashe shi tun yana ƙarami. Dokar da aka yi domin kare icce ta koya ma mutane tsoron icce.

5. Fari da lissafin masana (1968-1984)

Shekarun 1950 sun kasance masu yalwar ruwa, noma ya hau arewa har cikin wuraren kiwo. Daga 1968 ruwa ya fara janyewa, fari ya yi tsanani a 1972 da 1973, bisashe suka hallaka, mutane suka yi gudun yunwa. A 1973 aka kafa CILSS, a 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, kuma a ranar 15 ga Afrilu na wannan shekara soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani. Duniya tana neman bayani, sai tsohon ra'ayi ya farfaɗo da sababbin tufafi.

Ayyuka biyu na 1975 sun yi tasiri ƙwarai. Na farko na Jule Charney ne, masanin yanayi na Amurka. Ya kawo hasashen cewa in kiwo ya cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari, za ta riƙa mayar da hasken rana sama, wannan kuma ya rage haɗuwar hadari. Hasashe ne da ya gwada cikin na'ura, kuma shi kansa a matsayin hasashe ya gabatar da shi. Amma da ya fita daga hannun masana sai ya zama hukunci: makiyayi ne ya kori ruwa.

Na biyu na Hugh Lamprey ne, wanda ya yi shawagi da jirgin sama a arewacin Sudan, ya gwada bakin hamada da ya gani da wanda ke kan wata taswirar tsirrai ta 1958. Ya ce hamada ta matso da kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, wato kimanin kilomita 5,5 kowace shekara. Matsalar a fili take: ya gwada ƙarshen shekarun ruwa da ƙarshen shekarun fari, ya raba bambancin da yawan shekaru, kamar tafiya ce mai ɗorewa. Duk da haka wannan adadi ya yi ta yawo cikin jawaban shugabanni da takardun masu ba da agaji, ana ɗora shi a kan Sahel baki ɗaya. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Nairobi a 1977 ya ɗaga matsalar zuwa matsayin ta duniya, tare da ɗora mafi yawan nauyin a kan yadda mutane ke amfani da ƙasa.

A nan gida, amsar ita ce dashe. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar icce. A watan Mayu 1984 aka yi babbar muhawara ta ƙasa a Maraɗi, wadda ta haifi alƙawarin da ake kira Engagement de Maradi. Ba za a ce duk aikin banza ne ba: layukan dogon yaro masu tare iska na kwarin Majiya, da aka fara a 1975, da aikin Keita da aka fara a 1984, sun bar abin da ake gani. Amma a wurare da yawa gandun ƙauye ya zama na kowa, wato ba na kowa ba. An dasa, an ƙirga, an rubuta rahoto, akuya da rani suka gama da sauran.

6. Yadda ilimi ya gyara kansa

Gyaran ya zo ne daga cikin ilimin kansa, kuma wajibi ne a faɗi haka. A 1986 Folland da Palmer da Parker suka nuna dangantaka tsakanin ruwan Sahel da zafin ruwan tekuna. Ulf Helldén na jami'ar Lund ya koma yankin da Lamprey ya duba, da hotunan tauraron ɗan Adam, bai samu tafiyar da aka faɗa ba. A 1991 Tucker da Dregne da Newcomb suka nuna cewa bakin Sahara na kudu ya sauko da kusan kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, sa'an nan ya koma arewa da kusan kilomita 110 cikin shekara guda da ruwa ya samu. Bakin hamada yana kai da komowa ne bisa ga damina. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa sauyin zafin tekuna kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan farin shekarun 1970 da 1980. Wasu nazarce-nazarcen sun ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, ta hanyar sanyaya arewacin tekun Atlantika, yana da hannu a ciki. An daɗe ana tuhumar akuyar Bafillace da Buzu a kan abin da ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Ta fannin zaman jama'a ma an samu masu kallo na kusa. Claude Raynaut a yankin Maraɗi, da Michael Mortimore a arewacin Najeriya, sun zauna da manoma shekara da shekaru, sun nuna cewa mutanen nan suna da dabarun jure fari, kuma matsalarsu tana haɗe da kasuwa da haraji da rabon ƙasa. Yarjejeniyar duniya ta 1994 ta bar hoton rairayi mai tafiya, ta fassara désertification da lalacewar ƙasa a yankuna masu ƙarancin ruwa, sakamakon sauye-sauyen yanayi da ayyukan mutane. Sai dai fassararmu ta Hausa ba ta bi wannan gyara ba. Har yau hamada na "gurgusowa" a bakinmu.

7. Sassaben zamani

Yayin da masana ke wannan muhawara, wani abu yana faruwa a gonaki. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, bayan ya gaji da dashen da ba ya kamawa, ya lura cewa ƙananan kurmin da ke cikin gonaki ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwa masu rai, da saiwarsu a ƙasa. Manoma sun san haka sarai, tunda su ne ke sare tohon sabara da kalgo da geza kowace shekara lokacin sassabe. Abin da ya kawo sabo shi ne shawarar a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a kowane kututture a bar su, a sassaƙe sauran. Aka raɗa ma abin suna "sassaben zamani".

Lokacin yunwar 1984, wadda mutanen yankin ke kira El Buhari, an haɗa wannan aiki da rabon cimaka. Bisa ga abin da Rinaudo ya faɗa da kansa, da rabon ya ƙare, wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan da aka bari an sare su. Wannan ya nuna iyakar abin da buhu ke iya saye. Waɗanda suka riƙe nasu kuwa sun samu itacen wuta da na gini da abincin bisashe, iska ta rage binne masu shuka, maƙwabta suka gani. Gani ya kori ji.

Abin da ya buɗe hanya sosai shi ne sassaucin doka. A Maraɗi ma'aikatan gandun daji sun yarda su ɗaga ƙafa ga masu wannan aiki. Daga ƙarshen shekarun 1980, rashin kuɗi da rikicin siyasa, har zuwa taron ƙasa na 1991 da bayansa, sun rage zuwan hukuma ƙauyuka, sai manoma suka fara ɗaukar iccen gonarsu a matsayin nasu. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da dokar daji ta 8 ga Yuni 2004 sun matso kusa da wannan hali, kuma a watan Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raya.

Sai a tsakiyar shekarun 2000 masana suka ankara da girman abin. Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokansu sun binciki Magarya da Matamai da Mirya a 2006, inda gawo ya cika gonaki, galibi ba tare da wani furoje ba. Gray Tappan ya gwada hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000. Ƙiyasin da suka fitar shi ne kimanin eka miliyan 5 na ma'aunin hekta, da itatuwa wajen miliyan 200. Shekara ashirin abin yana gudana ba a rubuta shi ba, saboda ƙididdigar hukuma iccen da aka dasa take ƙirgawa. Wanda ya tsiro da kansa aka raya shi ba ya da gurbi a takarda.

8. Ina karkatar ta shiga?

Daga wannan tarihi muna iya fitar da kafofi huɗu. Ta farko ita ce lokaci: Stebbing ya duba da rani, Lamprey ya duba bayan fari. Ta biyu ita ce horo: wanda aka koya ma cewa daji shi ne itatuwa a jere cikin shinge, ba zai ga gona mai gawo a matsayin daji ba. Ta uku ita ce amfani: labarin hamada mai tafiya ya ba hukumar mallaka hujjar riƙe ƙasa, ya ba gwamnatocin bayanta hujjar neman agaji, ya ba masu agaji aiki mai sauƙin ƙirgawa. Ba lalle wani ya yi niyyar ruɗi ba. Labarin da ke da amfani ga masu ƙarfi ba ya rasa mai maimaita shi, shi ya sa binciken 1937 ya kwanta cikin kabad, adadin 1975 kuwa ya zagaya duniya. Ta huɗu ita ce harshe: an yi muhawarar da Faransanci da Ingilishi, aka sauko ma manomi da sakamakon cikin fassarar da ba ta ɗauko kalmominsa ba. Da an tambaye shi bambancin fako da saura, da an gane cewa ba duk fili marar ganye ne ya mutu ba.

Wajibi ne kuma mu yi hattara kada mu faɗa cikin irin ramin da muke nunawa. Lalacewar ƙasa gaskiya ce: tudun rairayi na barazana ga kwaruruwan Gure da Maine-Sorowa, dajin da ke kewaye da Yamai ya sha gatarin masu itacen wuta, kuma wasu irin itatuwa da tsofaffi suka sani ba su dawo ba. Adadin hekta miliyan 5 ƙiyasi ne da aka faɗaɗa daga wuraren da aka auna, dawowar ruwa bayan 1980 da wani abu ma ta taimaka, kuma icce mai daraja yakan jawo sabon rikici tsakanin mai gona da makiyayi da matan da ke neman itacen wuta. Labarin "Sahel ta yi kore" shi ma yana da masu cin moriyarsa. In aka riƙa maimaita shi ba tare da awo ba, zai zama irin na Lamprey da aka juya.

9. Kammalawa

Mun ga cewa ilimi yana da hanyar gyara kansa, amma gyaran yana tafiya a hankali, doka kuwa ta fi shi nauyin jiki: tsakanin dokar 1935 da ta 2020 shekara 85 ne. A tsawon wannan lokaci manomi bai karanta Stebbing ko Charney ba. Abin da ya sani na ilimin masana shi ne takardar tara da gandun da ba nasa ba. Da wannan ya auna su, kuma ba za a ce ya yi rashin hankali ba. Yarda ba ta samuwa ta hanyar "wayar da kai" kaɗai, domin mai ɗaki shi ya san inda ke yi mashi yoyo.

Ga mu masu nazarin harshe akwai aiki a nan. Ya kamata a tattara kalmomin ƙasa da na icce na Hausar Katsinar Maraɗi da Gobir da Adar da Damagaram, tare da na Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, a sa su gaban masanan gona da na daji kafin su rubuta tambayoyinsu. Muna kuma ba da shawara ga ƴan jarida da masu fassara su rage "gurgusowar hamada" su koma ga "lalacewar ƙasa" ko "gajiyar ƙasa" a duk inda wannan ake nufi, su bar kalmar farko ga wuraren da rairayi ke tafiya da gaske.